Iskar Gas: Me Ya Sa Ake Jin Motsin Ruwa a Tukunyarta?

Labarin farashin gas ba ya yankewa a Damagaram tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011. Amma mai girki a Magaria da ta jijjiga tukunyar gas za ta ji motsin ruwa. To, iska ce ko ruwa?

Masana kimiyya sun kasa abubuwan yau da kullum gida uku. Daskararre, kamar kanwa da ƙuli-ƙuli, yana riƙe da siffarsa. Mai ruwa-ruwa, kamar man gyaɗa, yana bin siffar mazubinsa. Iska kuwa bazuwa take har ta cika ɗaki.

Zafi da matsi ne ke sauya su. Ruwan rake, idan aka dafa shi ya yi kauri, ya huce, sai ya daskare ya zama mazarƙwaila. Gas kuma matse shi ake yi har ya koma ruwa, sai an murɗa makunni ya fito a iska.

Shi ya sa ba a cika tukunyar maƙil: ruwan yana kumbura da zafi. Dillalin Dungass da ke jera tukwane a zafin ranar Afrilu yana wasa da rayuka. Gas ɗin kuma ya fi iskar ɗaki nauyi. In ya zurara, ƙasa yake kwanciya, inda yara ke barci.