Hattara Direbobi: Jona Batir Da Duba Man Giya Ba Aikin Ka-ci-ka-ci Ba Ne

Garin Godogodo, cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a ta Jihar Kaduna, gari ne na manoma da matafiya. Motocin da ke fitowa daga Kafanchan ta Gidan Waya, da masu gangarowa daga Jos, da masu shiga ƙauyuka ɗauko citta da doya da masara, duk suna ratsa wannan yanki dare da rana. Direban da motarsa ta mutu a hanyar gona da kaya a kai, bakanike kuwa yana nesa, abin da ya sani da kansa ne kaɗai zai fisshe shi. Cikin abubuwan da ke kwantar da mota a irin wannan wuri akwai mutuwar batir da ƙarewar man giya ko na aksul.

Tsohuwar Dabara

Tun da kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar haɗa motoci a Kaduna cikin shekarar 1975, motar 504 ta cika tashoshin Arewa, direbobi kuma suka koyi dabarunsu a kanta. Ɗaya daga ciki ita ce a aro batir mai rai a tayar da mota, sa'an nan a cire shi injin yana aiki, a mayar da mataccen. Motocin da ake shigowa da su yanzu suna da na'ura mai sarrafa injin, wadda bakanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Idan an cire batir injin yana aiki, wutar da altaneta ke bayarwa takan yi tsalle ta ƙone wannan na'ura, ko ta lalata altanetar kanta, kuɗin gyaran kuwa ya ninka na sabon batir.

Yadda Ake Jonawa

Kamata ya yi kowane direba ya ajiye wayoyin jona batir masu kauri, ja da baƙa. Da fari a tabbata ƙarfin batiran biyu ɗaya ne, gama ƙananan motoci bolt 12 suke amfani da shi, manyan motocin kaya da yawa kuwa bolt 24 ne. A kusanto da motocin ba tare da sun taɓa juna ba, a kashe su duka, a ja birkin hannu, a fitar da giya.

Daga nan sai a maƙala jar waya a kan mataccen batir, wajen alamar ƙari, ɗaya bakinta kuma a alamar ƙari ta batir mai rai. Baƙar waya a maƙala ta a alamar ragi ta batir mai rai, amma bakinta na ƙarshe a kama shi a wani ƙarfe marar fenti a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir. Dalili shi ne batir yakan fitar da iskar haidirojin mai saurin kama wuta, tartsatsi kuwa a haɗin ƙarshe yake tashi. Idan ya tashi a bisa batir, batirin yana iya fashewa ya watsa wa mutum ruwansa a fuska.

Sai a tayar da mota mai rai ta yi aiki na 'yan mintoci, kana a gwada ɗayar, kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda. In ta tashi, a kwance wayoyin daga na ƙarshe zuwa na farko, a bar injin yana aiki kamar minti 30. Batirin da ya tsage, ko ya kumbura, ko yake yoyo, ba a jona shi sam. Haka kuma a nisanta sigari da ashana, kada kuma a yi amfani da sifana a madadin waya. Wanda ruwan batir ya shiga idonsa ya wanke da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, ya nufi asibiti. Mota mai giyar otomatik kuwa turi ba ya tayar da ita.

Man Giya Da Na Aksul

Direbobi da yawa kan duba baƙin mai da ruwan lagireto kowace safiya, amma su shekara ba su leƙa man giya ba. Alhali motar da ke hawa tsaunin Filato ta Hawan Kibo da cikakken kaya, giyarta da aksul ɗinta ne ke shan wahalar. A mota mai giyar hannu akwai noti a gefen akwatin giya. A ajiye motar a wuri mai daidaito, a kwance notin, a sa yatsa: man ya kamata ya kai bakin ramin. Motoci masu ja da ƙafafun baya, kamar Hiace da Hilux da 504, suna da irin wannan noti a aksul na baya, kuma mai kauri suke sha, irin wanda ake kira lamba 90. Irin su Golf da Sharon masu ja da gaba, haƙoran aksul ɗinsu suna haɗe da akwatin giya.

Yawancin giyar otomatik ana duba manta ne injin yana aiki bayan ya yi ɗumi, da gejinta na musamman. Mai lafiyayye ja ne. In ya yi baƙi yana ƙauri, giyar ta fara ƙonewa. Akwai sababbin motoci marasa geji, waɗannan sai a kai wa bakanike. Littafin mota ne ke faɗin irin man da ya dace da ita.

Daminar kudancin Kaduna doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, motocin ƙauye kuwa kan tsallaka rafi. Idan man aksul ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a zubar a sa sabo. A fara kwance notin zubawa kafin na fitarwa, don kada a zubar da mai sa'an nan a tarar na sama ya ƙi kwancewa. Har ila yau kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Da yake lokacin kwasar amfanin gona yakan cika hanyoyin Jema'a da motoci, ya kamata shugabannin tasha su tabbata kowane direba da yaron motarsa sun san wannan tsari. Allah ya kiyaye hanya.