Baitulmalin Katsina Da Rabon Kuɗin Ƙasa

Masana mulkin tarayya suna cewa hukumar da ta fi kusa da talaka ita ta fi sanin bukatarsa, saboda haka a bar mata kuɗi da ikon kashe su. Katsina ta daɗe da gwada wannan.

A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, Razdan Palmer ya kafa Baitulmali a birnin, sauran ƙasashen Arewa suka yi koyi. Aka raba haraji da jangali biyu, rabi na Gwamnati, rabi na En'e. Cikin rabin En'e aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka gina makarantu, aka haƙa rijiyoyi. Ba a ce babu zalunci ba, don masu karɓa da yawa sun matsa wa talakawa. Amma mutumin unguwar Gobarau ya san kuɗinsa ne, ya kuma san ƙofar da suka shiga.

Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Katsina take cikinta a lokacin. Talaka ya huta, hukumomin kuwa suka zura wa asusun tarayya ido, kuɗin suna bi ta hannun gwamnatin jiha. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyansu kai tsaye. Hukuncin ya faɗi hanyar da kuɗin za su bi, bai taɓa maganar abin da hukumomin Katsina 34 za su tara da kansu ba.