Alhaki Kuykuyo Ne: Littafin da wasu masu karatu suka kasa yafe wa ƙarshensa

Ina aji biyu a sakandare aka ɗora mani aikin karanta wa matan gidanmu littafi bayan sallar isha'i. Ba fin kowa iya karatu na yi ba, ni ne dai ƙaramin da ba shi da bakin cewa a'a. Hayar littattafan ake karɓowa a wani shago da ke bakin layinmu, a biya kuɗin kwana ɗaya ko biyu, a mayar. Akasarinsu na soyayya ne, ana saurare ana dariya, wani lokaci a yi tsaki, kafin a kai ƙarshe rabin masu sauraron sun yi barci. Daren da aka kawo Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuwa, babu wadda ta runtsa.

Littafin ya fito a Kano a 1990, kuma labarinsa ba baƙo ba ne a kunnen duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, amma a gida hannunsa a dunƙule yake. Matarsa Rabi, uwar 'ya'ya tara, ita ke ta faɗi-tashin ciyar da gidan. Sai ya auro Delu, matar da ta daɗe tana zaman kanta, ya sakar mata bakin aljihu. Ba a jima ba rigima ta ɓarke tsakanin kishiyoyin, Alhaji ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaranta, 'yarta Saudatu ta auri attajiri mai mutunci. Can kuma gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, zamansa da Delu ya watse, ya wayi gari hannu rabbana.

Har zuwa nan kan matan gidanmu a haɗe yake. Da na karanta wajen gobarar sai da wata ta yi guɗa. Shafukan ƙarshe ne suka raba su, inda maza na dangi suka taru a kan Rabi, suka matsa mata lamba ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, ita kuwa ba don ranta ya so ba ta amince.

Yayata, wadda a lokacin ake shirin aurenta, ta fizge littafin daga hannuna ta duba ko an yage wasu shafuka ne. Da ta tabbatar iyakarsa ke nan, sai ta ce marubuciyar ta ci amanarsu. An sa mutum ya bi Rabi cikin wahala tun daga farko, ya yi murnar tsayuwarta da ƙafafunta, sannan a ƙarshe a ɗauke ta a mayar da ita inda ta fito? Goggona, wadda ita ma an taɓa sakinta da yara a hannu, ta yi shiru har Yaya ta gama. Sannan ta ce, "'Yar nan, ba ki san duniya ba tukuna. Da matar nan ta rubuta cewa Rabi ta ƙi komawa, da na ce tatsuniya ta yi mana." Yaya ta ce, "To Goggo, in gaskiyar ce kawai, ai muna ganinta kullum, ba sai mun biya kuɗin haya ba."

Shekaru sun shuɗe, na tattauna littafin da masu karatu da dama, maza da mata, kuma kusan kowa a ɗaya daga cikin waɗannan sahu biyu yake tsayawa. Abin da na lura shi ne, waɗanda suka fi jin haushin ƙarshen ba su ne suka ƙi littafin ba. Su ne ma suka fi tuna shi filla-filla, har sunayen ƙananan taurarinsa. Wanda bai damu da Rabi ba ba zai ɓata ransa a kan inda ta ƙare ba.

Zargin cin amanar yana da nauyi saboda wadda ake yi wa shi. Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, auren kuma bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ne ta koma karatu a ajin yaƙi da jahilci. Ba marubuciya ba ce da za a ce ba ta san zafin abin da take rubutawa ba. Kuma ta iya rubuta nasara in ta ga dama: a Wa Zai Auri Jahila? Abu, wadda aka aurar wa tsoho bisa tilas, ta kuɓuta, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Masu ra'ayin Yaya sukan fi son wannan littafin. Ni dai ina ganin da gangan ta hana Rabi irin wannan mafitar. Abu yarinya ce da rayuwa ke gabanta. Rabi kuwa uwa ce mai suruki da dangi da 'ya'yan da ake duba asalinsu in an zo neman aure, kuma duk waɗannan igiyoyi ne a ƙafarta.

Ba ina cewa littafin ba shi da aibi ba. An zana Delu baƙa ƙirin, babu ko ɗigon haske a tare da ita, alhali ita ma akwai abin da ya kai ta ga irin rayuwar da ta yi, ba a ba mu labarinsa yadda ya kamata ba. Masifun da suka auka wa Alhaji Abdu kuma sun zo a jere kamar an yi musu oda, domin karin maganar da ke kan bangon littafin ta cika. Amma ƙarshen, wanda shi aka fi suka, a wurina shi ne wurin da marubuciyar ta fi nuna jarumta. Ta ba mai karatu sakayyar da yake ƙishirwa, sannan ta nuna masa cewa ko da alhaki ya kama mai shi, macen da aka zalunta ita za a kira ta yi jinyarsa.

Irin wannan gardama ta tsakar gida ba ta cika shiga muhawarar masana ba. A shekarun 1990 an yi ta musayar alƙalami a jaridu, musamman New Nigerian, kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su kai matsayin rubutun su Abubakar Imam ba, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su. A 2007 kuma hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa a Kano, bisa zargin suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. A duk wannan, ana magana ne a kan abin da littafi ke yi wa mai karatu, kamar shi mai karatun tulu ne da ake zuba wa ruwa. Da an leƙa tsakar gidaje da an ga masu karatun suna musu da marubuci, suna yanke wa taurari hukunci, suna ƙin abin da bai kwanta musu ba. Marubutan kansu sun san haka, domin da yawansu kan sa adireshi a littafi, wasiƙu kuma su yi ta zuwa, na yabo da na faɗa. Haka aka yi ta ja-in-ja kan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, inda Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren dole: wasu suka ce an koya wa yara mugun abu, wasu suka ce iyaye aka yi wa hannunka-mai-sanda.

A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi zuwa Ingilishi, Rabi ta samu masu karatu a ƙasashen da ba a taɓa jin sunan Balaraba ba. Ban ga abin da zai hana su ma su rabu gida biyu a kan shafukan nan na ƙarshe ba.

Goggo ta rasu ba ta sauya ra'ayi ba. Bara na ci karo da wani tsohon kwafin littafin, bangonsa duk ya yage, na kira Yaya na gaya mata. Yanzu ita ma ta aurar da 'ya, na zaci shekaru sun matso da ita kusa da Goggo. Ta ce in aiko mata da shi ta sake karantawa, amma in sani tun yanzu, a wajen gobarar nan za ta tsaya.