RANA DA ISKA A ƘASAR ADAR: YADDA LOKUTTA KE JUYA ZAMAN MUTANEN AZARORI

A Azarori, cikin gundumar Madawa, da ma Buza da Keita, manomi ba ya buƙatar kalanda don ya san inda shekara ta kai. Zafin rana da mahurar iska sun ishe shi. Su ne ke tsara masa aiki da hutu, har ma da fara'a da ɓacin rai.

Tsawon yini ba ya canzawa ƙwarai a wannan yanki: awa 11 da ƴan mintoci a Disamba, kusan awa 13 a Yuni. A arewacin Turai gajartar yini cikin sanyi kan jefa mutane cikin baƙin ciki, har likitoci na yi masu magani da hasken fitila. A Adar kuwa haske bai taɓa ƙaranci ba. Ƙarfinsa ne abin tsoro.

Bayan kaka, rumbuna sun cika gero, sai gari ya ɗauki annashuwa. Lokacin aure ke nan, da dambe da kokowa. A Tawa ma aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975. Daga Nuwamba hunturu kan sauko da hazo da ɗari. Tsofaffi na jin wuta har hantsi, leɓuna na tsagewa, yara na tari. Samari kuwa sun kama hanyar cirani zuwa Nijeriya ko Abijan, sun bar mata da ɗawainiyar gida. Waɗanda suka zauna sukan duƙufa kan albasa a fadamun Tarka da Majiya.

Bazara ita ce mai wuya. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma a ƙarshen Afrilu rana kan tsaya daidai tsakar ka. Rijiyoyi sun ja baya, mata na sammako neman ruwa, barci ya gagara cikin ɗaki. Aiki sai da safe ko bayan la'asar. Haƙuri kan ragu, magana kaɗan ta zama faɗa. Cikin ranin ne kuma sanƙarau ke yaɗuwa, shi ya sa aka fara babban rigakafinsa da sabuwar allura a Nijar a 2010.

Da hadari ya haɗu a gabas, fuskoki sai su saki. Amma damina tana tafe da nata nauyi: noma ya yi yawa, hatsin bara ya ƙare, sauro ya kawo zazzaɓi. Makiyayan Kel Gres sukan kora dabbobi arewa wajen gishiri, su bar gonaki su huta da ɓarna. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, in ruwa ya yi jinkirin mako biyu, ba ya runtsawa.

Mutanen yankin ba su naɗe hannu ba. Tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro a Majiya don tare iska, a 1984 kuma aikin raya karkara na Keita ya fara da taimakon Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka aka farfaɗo da faƙo. Inuwar da aka shuka a waɗannan shekaru, a ƙarƙashinta ake shan fura yau. Wajibi ne a kiyaye ta daga gatari, a kuma ƙara mata.