Birkin Babur Ɗin Ɗaukar Kaya: Ka San Inda Ciwon Yake Kafin Ka Yi Lodi

'Yan uwa masu kiwon kaji da kifi a Shanono, yau maganar babur mai ƙafa uku ce, wanda ke ɗauko mana abincin kaji da jarkokin kifi. Da yawanmu inji kawai muke kula da shi, birki kuwa sai ranar da ya ƙi ci.

Mu ɗan yi lissafi. Jarka mai lita 25 tana ɗaukar ruwa kilo 25, guda goma kilo 250 ke nan, ban da kifin. Ga shi ruwa ba ya zama wuri ɗaya, kana taka birki yana turo babur gaba. Birkin da ya ci lafiya babu kaya zai iya ba ka kunya a gangara a hanyar Bagwai ko Gwarzo.

Yawancin baburan nan birkin bayansu na ganga ne: ka taka feda, sandar ƙarfe ta ja, takalmin birki ya buɗe ya kama gangar daga ciki.

In feda tana nutsewa ƙasa kafin birki ya kama, sandar ta saki ne. A ɗaure notin da ke ƙarshenta kaɗan-kaɗan. In an ɗaure har ƙarshe bai canza ba, takalmin ya cinye. A canza na hagu da na dama tare.

In babur yana karkata gefe ɗaya, ko dai ba a daidaita ƙafafun biyu ba, ko man giya na yoyo yana jiƙa takalmi. Takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa. A gyara yoyon tukuna, sannan a sa sabo.

In ganga ta yi zafi kana jin ƙauri, birki ne bai saki ba: an matse noti da yawa, ko sifirin ya karye, ko tsatsa ta kama. Wannan namu ne musamman, don ruwan kifi da kashin kaji suna cin ƙarfe. A riƙa wanke ƙarƙashin babur, a shafa giris a gaɓoɓi, amma kar ya taɓa takalmi.

Mai birkin mai kuma, in feda ta yi laushi, iska ta shiga ko man na zuba. Kar ka yarda a zuba maka baƙin mai a madadinsa, yana kumbura robobin ciki.

Da damina, in ka ratsa ruwa, tafi a hankali kana ɗan taka birki har ya bushe. A gangara kuma sa ƙaramar giya, inji ya taya ka riƙewa.

Gwajin ƙarshe a yi shi da lodi, a fili, kafin a hau titi. Kuɗin takalmin birki bai kai asarar lodin ƙwai ba, balle rai.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kiwo.