Kan Allurar Garmaho: Ɗan Abin Da Ke Raya Faifai Ko Ya Kashe Shi

Faifan garmaho da aka ɗauka ya bi zamaninsa ya sake dawowa kasuwa. A Amurka, a shekarar 2022, yawan faifan garmaho da aka sayar ya zarce na CD, abin da rabon a gani tun 1987. Mawaƙan Nijar ma ba a bar su a baya ba. Kamfanin Sahel Sounds ya buga kiɗan Mamman Sani na 1978 a kan faifai a 2013, sannan kundin Afrique Victime na Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, ya fito a 2021.

Sai dai mai sayen na'urar garmaho mai tsada yakan duba komai ya manta da abu guda: kan allura, ɗan akwatin da bai fi kan babban yatsa ba, wanda ke maƙale a bakin hannun na'urar. Shi kaɗai ke taɓa faifan. Allurar, wadda bakinta na lu'ulu'u ne, tana bin siririn layin da aka sassaƙa sautin a ciki, kan kuma ya mayar da girgizarta zuwa wutar lantarki. Abin da ya ɓace a nan, babu lasifikar da za ta dawo da shi.

Iri biyu ne suka cika kasuwa. Na farko, wanda ake rubuta wa MM a jikin kwali, maganaɗisu ne ke motsi a cikinsa. Yana ba da wuta kimanin milibolt 3 zuwa 5, wadda yawancin amfilifaya masu ƙofar garmaho ke karɓa kai tsaye, kuma idan allurar ta cinye, zare ta ake yi a sa sabuwa. Na biyu, MC, naɗin waya ne ke motsi. Da yake naɗin ba shi da nauyi, ya fi kama ƙananan bayanan sauti, amma wutarsa takan tsaya tsakanin milibolt 0.2 da 0.5, don haka sai an haɗa shi da wata na'urar ƙara ƙarfi. Babbar matsalarsa ga mai zama a Maraɗi ko Damagaram ita ce ba a canza masa allura a gida. Ranar da ta karye, sai dai a aika shi ƙasar waje.

Tsada ba ita ce ma'auni ba. Denon DL-103, wanda aka ƙera a farkon shekarun 1960 domin gidan rediyon NHK na Japan, har yau ana yin sa, kuma masu na'urori na alfarma suna amfani da shi. Amma kujerar allurarsa tana da tauri, saboda haka hannu mai nauyi yake so. Kai mai laushi kuwa hannu mara nauyi ne abokinsa. Masana suna neman girgizar haɗin biyun ta faɗa tsakanin 8 da 12 a daƙiƙa. In ta yi ƙasa da haka, ɗan lanƙwasar faifai ko takun mai wucewa ya isa ya sa allurar tsalle.

Siffar bakin allura ita ce abin da ya fi shafar masu tsofaffin faifai. Mai zagaye tana da haƙuri da kuskuren saiti. Masu sirantaccen baki, irin samfurin Shibata da kamfanin JVC ya fito da shi a farkon shekarun 1970, sun fi zaƙulo sauti, amma in an ɗaura su a karkace ba sa yafiya. Faifan dā masu juyi 78 a minti kuma layinsu ya fi faɗi sosai, allurarsu daban ce. Wanda ya gaji irinsu ya sa musu allurar zamani, za ta nutse har ƙasan layin, abin da zai ji shi ne ƙara da shuu.

Akwai kuskuren da ya yaɗu, wai rage nauyin allura tausaya wa faifai ne. Akasin haka ne. Allurar da ba ta zauna daram ba tana karo da bangon layin tana yanka shi, kuma faifan da aka daina bugawa ba shi da madadi. Kowane kamfani yana rubuta nauyin da ya dace, galibi tsakanin giram 1.5 da 2.5, kuma ɗan sikelin da ake aunawa da shi bai kai kuɗin faifai biyu ba.

Yanayin ƙasar nan ma yana da nasa hukunci. Zafin bazara yana busar da robar da allurar ke zaune a kai, ƙurar hunturu kuma tana shiga layin faifai ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Allurar da ake sa ran za ta yi awa 500 zuwa 1000 tana iya gajiya tun kafin nan. Wannan ne ya sa, ga mai sauraro a nan, kan MM mai kyau irin jerin 2M na Ortofon ko VM95 na Audio-Technica ya fi dacewa da MC mai ninkin kuɗinsa: ana iya farawa da allura mai sauƙin kuɗi, daga baya a sa wadda ta fi ta a kan wannan kan, a kuma ajiye ta biyu a cikin kwalinta. Wajen goge ta, daga baya ake jan burushi zuwa gaba, ba a taɓa yin gefe da gefe.