Ɗakin da Ake Karanta Kwalba Sau Biyu

A can ƙuryar wani asibitin koyarwa na Arewa akwai ɗakin da ba a shigarsa da takalmin waje. Nan ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara: wanda ya bugu a ka a haɗarin mota, mai jegon da jijjiga ta kama, dattijon da aka fito da shi daga doguwar tiyata. Yawancinsu inji ke taya su numfashi. Mara lafiyan da ke babban ɗaki yana iya cewa, "Sista, wannan ƙwayar ba irin ta jiya ba ce." Na nan ba ya cewa uffan. Abin da aka ɗura masa a jijiya ya shiga ke nan.

Shi ya sa nas ɗin da ta zo kwas ɗin ƙwarewa, ko ta shekara goma a wani sashe, ba a sakar mata haɗa allura ita kaɗai da farko. Biro da takarda ake miƙa mata. Noradirenalin, maganin da ke ɗago jinin wanda jininsa ya faɗi, ana rubuta shi da maikirogiram bisa nauyin mutum a kowane minti, alhali injin tura allura mililita a awa kaɗai ya sani. Ita za ta juya wannan zuwa wancan, sau da yawa da tsakar dare, idanunta cike da barci. Miligiram ɗaya maikirogiram 1,000 ne. Ɗigo guda ya kauce a lissafi, mara lafiya ya sami ninki goma.

Akwai magungunan da ake ware musu wuri na dabam: insulin, heparin, mofin, da uwa uba fotasiyam mai kauri. 'Yar kwalbarsa tana kama da ta ruwan haɗa allura, kuma in aka tura shi a jijiya ba a sirka ba, zuciya tsayawa take. Ƙa'idar ɗakin ita ce mutum biyu su duba, kowa ya yi lissafinsa ba tare da ya leƙa na ɗan'uwansa ba, sannan a liƙa wa sirinji suna da ƙarfin magani da lokaci.

Wani abin da littafi bai cika faɗa ba shi ne ledar da dangi ke kawowa. Idan magani ya ƙare a kantin asibiti, takarda ake ba su su sayo a waje. Heparin ɗin yau ya zo daga wani kamfani, na gobe daga wani, launin kwali dabam, wani lokaci ƙarfin ma dabam. Nas ɗin da ta dogara da abin da idonta ya saba gani ta shiga uku. Haka in za a miƙa aiki, mai karɓa tana bin kowace roba da yatsa, tun daga inji har hannun mara lafiya, ta kuma duba cajin batir saboda ɗaukewar wuta.

A ganina darasin da ya fi lissafi wuya shi ne buɗe baki. Mun taso da kunyar na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma yarinyar da ta ga rubutun likita bai yi mata daidai ba dole ta iya cewa, "Ranka ya daɗe, a sake duba wannan." Ba za ta iya ba sai ta ga babbar sista tana faɗa a gabanta, ta kuma ga wadda ta kawo rahoton kuskurenta an zauna an binciki musabbabi maimakon a tozarta ta. Inda ake tozartawa, ɓoyewa ake yi, kuskuren kuma ya jira mara lafiya na gaba.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙuduri rage mummunar illar kuskuren magani da rabi cikin shekara biyar. A wannan ɗaki, cikar burin tana hannun tsofaffin nas-nas, su ne kuwa ake ta rasawa zuwa Ingila da Saudiyya. Wanda inji ke yi wa numfashi nas guda yake buƙata a kansa. In ta koma duba gado uku, wa zai yi mata dubawa ta biyu?

Hukumomin asibitoci, ku riƙe waɗannan ƙwararru da albashi da hutu. Kai kuma mai jinya da ke zaune a baranda, in ka ga nas ta tsaya tana karanta kwalba, kada ka gaggauta ta, kuma ka gaya mata duk maganin da ɗan'uwanka ya sha a gida, har da na gargajiya.